Jibo Bakari da Mayaƙan Sawaba: Darasin Sin a Bakin Kwara

Duk wanda ya san ƙasar Bagudo ya san cewa iyaka a can ta fi ƙarfi a kan takarda. Kogin Kwara yana gangarowa daga Gaya, Nijar a hagunsa, Benin a damansa, ya shigo Najeriya ta wajen Lolo, ya ratsa kusa da Illo ya nufi Yawuri. Mutumin Tsamiya yana cin kasuwar Segbana, na Kamba yana da surukai a Gaya, kuma Dandawa da Kyangawa da Zabarmawa da Fulani da Hausawa sun daɗe da auratayya tun kafin Turawa su zo da taswira. A shekarar 1964, lokacin da Benin take amsa sunan Dahome, Bagudo kuma tana cikin Lardin Sakkwato, wasu samari 'yan Nijar sun dogara da irin wannan sassaucin iyaka, tun daga arewacin Dahome har zuwa bakin Tafkin Chadi, suka shiga ƙasarsu da makamai don su kifar da gwamnati. Waɗansunsu a birnin Nanjin na ƙasar Sin suka koyi yaƙi. Jagoransu kuwa tsohon malamin makaranta ne mai suna Jibo Bakari.

An haifi Jibo a 1922 a Sudure, kusa da Yamai, garin da aka haifi ɗan uwansa Jori Hamani a 1916. Dukansu biyu sun yi makarantar William Ponty ta Senegal, wadda Faransa take horar da malamai da akawunanta na Afirka ta Yamma, kuma dukansu sun koyar. Jibo ya yi aiki a Birnin Ƙonni da Agadas, ya ga ƙasar Hausa da ta Buzaye da idonsa, sannan ya ajiye alli ya faɗa siyasa a jam'iyyar PPN, reshen Nijar na babbar ƙungiyar RDA da aka kafa a Bamako a 1946.

A farkonta RDA tana tafiya ne da Jam'iyyar Kwaminis ta Faransa. A 1950 shugabanta, Hufuwet Bwanyi na Kwaddibuwa, ya ga ƙawancen ba ya jawo musu komai sai bulala da kurkuku, ya yanke shi. Jori da Bubu Hama suka bi shi. Jibo ya ƙi. Aka bar shi ba kujera, ba albashi, ya koma noman lambu a gefen Yamai, kuma daga nan ya soma aikin da ya fi gwanancewa a kai duk rayuwarsa, wato haɗa kan ƙananan mutane. Ya kafa ƙungiyoyin ƙwadago masu alaƙa da ƙungiyar ƙwadagon CGT ta Faransa, ya bi direbobi da 'yan kamasho a tasha, teloli, magina, 'yan dako, ma'aikatan gidan waya, fataken goro, har da matan da ke zaman kansu, waɗanda 'yan boko ba sa ko kallo. A 1954 ya kafa jam'iyyar UDN. Jama'a suka laƙaba mata Sawaba, sunan da talakawan Kano suka riga suka sani tun kafuwar jam'iyyar NEPU a ranar 8 ga Agusta 1950. Alamarta raƙumi, ta PPN kuma giwa. Abin lura shi ne, Jibo Bazabarme ne, amma ƙarfin raƙumi yana ƙasar Hausa, a Damagaram da Tasawa da Maraɗi, inda ake noma gyaɗar da ke ciyar da baitulmali alhali manoman ba sa ganin komai a ƙasa.

Daga nan abubuwa suka yi sauri. Ya haɗe da jam'iyyar BNA mai goyon bayan sarakuna, ya zama magajin garin Yamai na farko a 1956, a zaɓen Maris 1957 kuma ɓangarensa ya ci kujeru 41 cikin 60. Jibo ya kafa gwamnatin 'yan ƙasa ta farko a Nijar yana da shekara 35. A Yulin 1958, a taron jam'iyyar PRA da aka yi a Kwatano, yana cikin waɗanda suka fi ɗaga murya cewa 'yanci ake so, kuma yanzu.

Wata biyu bayan haka Janar Digol na Faransa ya kawo ƙuri'ar raba gardama ta ranar 28 ga Satumba 1958: ko a ce I, a zauna ƙarƙashin inuwar Faransa, ko a ce A'a, a kama gaban kai. A Afirka ta Yamma, shugabannin gwamnati biyu ne kawai suka ce A'a, Seku Ture a Gini da Jibo a Nijar. Faransa ta haƙura da Gini, amma ba ta ga yadda za ta saki Nijar ba. Tana tsaka da yaƙin Aljeriya, kuma Nijar ce ƙofar kudu ta Sahara. An riga an gano yuraniyom a Azelik tun 1957. Ga kuma tsoron kada ƙasar Hausa ta karkata zuwa Najeriya. Sai aka turo sabon gwamna, Don Jean Colombani, da aiki guda ɗaya. Ya zagaya fadoji, ya tuna wa sarakuna cewa gwamnatin Jibo ta tuɓe wasu daga cikinsu, aka baza sojoji a karkara, abokan haɗakar 1956 suka zame ɗaya bayan ɗaya. Sakamako ya fito, I ta samu kimanin kashi 78 cikin 100. Jibo ya sauka a Oktoba, Jori ya hau a Disamba, a Oktoban 1959 kuma aka haramta Sawaba baki ɗaya. Ranar 3 ga Agusta 1960, da Nijar ta karɓi 'yancin da Jibo ya nema shekara biyu kafin nan, shi yana gudun hijira.

Haramcin bai kashe jam'iyyar ba, ya dai mayar da ita ƙarƙashin ƙasa. A nan ne sana'o'in magoya bayanta suka yi rana. Direban da ke jigila tsakanin Damagaram da Kano, ko tsakanin Gaya da Faraku inda layin dogon Dahome ya tsaya, ba mai mamakin ganinsa a hanya, don haka shi ne ɗan aike. Wasiƙu da takardun farfaganda suna tafiya da shi, haka ma samarin da ake fitarwa waje. Kano ta zama babbar mahaɗa, inda 'yan NEPU suka sauki baƙinsu, ga harshe ɗaya, ga abokin gaba iri ɗaya. Daga Kano ko Bamako ko Akara, wasu suka wuce karatu Tarayyar Sobiyet da Gabashin Turai, wasu kuma aka ware su don aikin soja a Aljeriya da Gana da Biyetnam ta Arewa da Sin. Usman Ɗangaladima na Madawa yana kan gaba a shirin yaƙin. Abdullahi Mamani, wanda daga baya ya rubuta littafin Sarauniya, shi ne wakilin jam'iyyar a Aljeriya.

Me ya kai Sin cikin rigimar Nijar? Gwamnatin Jori tana hulɗa ne da Taiwan, Bejin kuma tana neman abokai a Afirka, tana takara da Amurka da Sobiyet a lokaci guda. Firayim Minista Zhou Enlai ya zagaya nahiyar daga Disamban 1963 zuwa Fabrairun 1964, ya biya ta Gana da Mali da Gini, ya tafi yana ganin Afirka ta nuna don juyin juya hali. Shi kansa Zhou tsohon ɗan ƙarƙashin ƙasa ne. Bayan kisan gillar da aka yi wa 'yan gurguzu a Shangai a 1927, shi ya tsara sashen asiri na jam'iyyarsu, da gidajen ɓuya da sunayen aro.

Darasin da ake koyarwa a Nanjin an biya shi da jini, kuma rayuwar mutum ɗaya ta isa ta nuna yadda yake. Sunansa na yanka Ma Shangde, an haife shi a 1905 a lardin Henan, amma duniya ta san shi da sunan aro, Yang Jingyu. Ya fara da tayar da manoman garinsu, sannan a 1929 jam'iyya ta tura shi mahaƙar kwal ta Fushun a Mancuriya, ya saje da leburori yana haɗa kansu a ɓoye. An kama shi, an azabtar da shi, an ɗaure shi. Da Japan ta mamaye Mancuriya a 1931, sai ya shiga duwatsu ya gina runduna daga manoma da 'yan gudun hijirar Koriya, har ya zama kwamandan Runduna ta Ɗaya ta mayaƙan sari-ka-noƙe na arewa maso gabas. Shekaru ya yi yana wahalar da Japanawa, kuma ba da ƙarfin bindiga suka ci shi ba. Sun kwashe manoma daga rugagensu, suka cusa su a ƙauyuka masu shinge da masu gadi, ta yadda ko tsabar hatsi ba ta fita zuwa daji. A 1938 wani babban na hannun damansa, Cheng Bin, ya miƙa wuya ya nuna musu maɓoyan abinci. Ranar 23 ga Fabrairu 1940 aka rutsa da Yang shi kaɗai cikin dusar ƙanƙara aka harbe shi. Da likitoci suka buɗe cikinsa don su ga abin da ya rayu a kai, sai suka tarar da ɓawon itace da saiwar ciyawa da audugar rigarsa. Koyarwar Mao, jagoran 'yan gurguzun Sin, ta kwatanta mayaƙi da kifi, jama'a da ruwa. Japanawa sun janye ruwan ne kawai.

Wannan shi ne ainihin darasin, kuma shi ne ɓangaren da Sawaba ba ta samu damar cikawa ba. Samarinta sun koyi harhaɗa bindiga da dasa nakiya da kwanton ɓauna, sun cika littattafansu da rubutun darasi, waɗanda daga baya gwamnatin Nijar ta kama ta baje wa duniya. Amma Yang ya yi shekaru yana zaune da mutanen da yake yaƙi dominsu kafin ya harba harsashi. 'Yan Sawaba kuwa mutanen gari ne, 'yan tasha da kasuwa, da yawansu sun yi shekara uku ko huɗu ba su taka Nijar ba. Karkarar da za su ratsa tana hannun hakimai da masu gari, waɗanda ba su manta da tuɓe sarakunan da gwamnatin Jibo ta yi ba.

Ƙofar Dahome ta buɗe musu ne saboda wani tsibiri. Lete yana tsakiyar Kwara, sama da Gaya da Malanbil, Fulanin Nijar suna kiwo a kansa, manoman Dahome suna cewa gonar kakanninsu ce. Bayan faɗuwar Shugaba Hubert Maga na Dahome a Oktoban 1963, dangantaka ta yi tsami, Nijar ta kori dubban 'yan Dahome da ke aiki a ofisoshinta, aka rufe gadar Gaya, aka girke sojoji a gaɓa biyu. Sabbin mahukuntan Dahome suka kau da kai, mutanen Jibo da ke fitowa daga sansanonin Gana suka riƙa ratsa arewacin ƙasar zuwa bakin kogi. A cikin gida ma alamu sun yi kama da na nasara: an yi boren soja a Yamai a Disamban 1963, talakawa suna kuka da haraji da 'yan bangar jam'iyya mai mulki, Ministan Cikin Gida Jamballa Yansambu Maiga kuma ya cika gidajen kaso. Rahotannin da ke isa Akara suna cewa ƙasa ta gaji, jira kawai take a kunna ashana.

A ƙarshen Satumba da farkon Oktoban 1964, damina tana ban kwana, gero ya yi tsayin da zai ɓoye mutum, ƙananan rukunoni suka ƙetara ta wurare da dama: ta Dahome zuwa yankin Gaya da Dosso, ta Najeriya zuwa Ƙonni da ƙasar Damagaram da Boso, ta yamma kuma zuwa Tera da Ayoru. Gaba ɗayansu 'yan ɗaruruwa ne, da ƙananan bindigogi da gurneti. Shirin shi ne su kame ofisoshin kwastan da na 'yan sanda, su ƙwaci makamai, jama'a su tashi su mara musu baya.

Jama'a ba su tashi ba. Gwamnati ta riga ta ji ƙishin-ƙishin, da taimakon jami'an leƙen asirin Faransa da ke zaune a ma'aikatunta, ta kuma yi shela cewa duk garin da ya ɓoye baƙo zai ɗanɗana kuɗarsa. A ƙauye ba a ɓoye baƙo. Wanda ya zo rijiya da takalmin da ba na nan ba, ko ya nemi fura da kuɗin wata ƙasa, kafin azahar labarinsa yana fadar mai gari. Manoma da kwari da baka suka bi sawun mutanen da suka zo 'yantar da su. A wajen Birnin Ƙonni aka kashe Danduna Abubakar, tsohon ɗan ƙwadago kuma ɗaya daga cikin kwamandoji, aka kai gawarsa Yamai aka ajiye a fili don kowa ya gani. Cikin watan Oktoban nan aka tara jama'a a babban birnin, aka harbe 'yan Sawaba huɗu a gabansu, har da wani mai suna Salle Ɗankulu. Cikin 'yan makonni aka murƙushe yunƙurin, aka bi gida-gida ana kwasar duk wanda aka taɓa gani da katin raƙumi.

Ba za a ce manoman nan son gwamnati ne ya motsa su ba. Da yawansu Sawaba suka zaɓa a 1957. Amma mai iyali yana auna wanda zai kwana a garin gobe. Ɗan tawaye zai wuce, hakimi da ɗan sanda kuwa suna nan.

Saura ƙiris a yi abin da ya fi haka muni. Ranar 13 ga Afrilu 1965, ranar Babbar Salla, Shugaba Jori yana cikin sahu a filin idin Yamai, wani ɗan Sawaba mai suna Amadu Jop ya kutsa cikin masallata ya jefa gurneti. Jori ya tsira ba ko ƙwarzane. Wani ƙaramin yaro ne ya mutu, wasu suka jikkata. Ko da a ce an samu shugaban, da wuya a ga abin da hakan zai haifar wa jam'iyyar da ta gina sunanta a kan tausayin talaka. Jefa bam a sahun salla, a ƙasar da mabiyan Sawaba kansu masu salla ne da ke ɗaura layu kafin su fita yaƙi, ya ba gwamnati hujjar da ta daɗe tana nema.

Sai ginshiƙan waje suka soma zubewa. Nijar da Dahome suka sasanta a 1965, hanyar kogi ta toshe. A Arewacin Najeriya, gwamnatin Sardauna ba ta da dalilin tausaya wa abokan NEPU, tana kuma ɗasawa da Jori, don haka wanda ya gudo Sakkwato ko Kano ba lallai ya tsira ba. An kifar da Shugaba Ben Bella a Aljeriya a Yunin 1965. Jori da Hufuwet da abokansu suka ƙaurace wa taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka na Akara a Oktoban shekarar, saboda Shugaba Nkuruma na Gana yana ba 'yan tawayensu masauki. Ranar 24 ga Fabrairu 1966 sojoji suka kifar da Nkuruma yana kan hanyar Hanoi, labarin ya riske shi a Bejin. Sabuwar gwamnatin Gana ta rufe sansanoni, ta kori masu horarwa 'yan Sin, ta miƙa wa Nijar 'yan Sawaban da ta kama. Jibo ya tsere zuwa Gini. Ɗangaladima ma daga baya a Najeriya aka cafke shi aka mayar da shi gida.

Iyakar da ta saukaka shiga ita ce ta saukaka kamu. Ƙungiyar da abincinta da makamanta da mafakarta suke hannun shugabannin wasu ƙasashe, ranta yana rataye ne da kujerunsu, kuma cikin wata takwas manyan kujeru biyu suka faɗi. Laifin Jibo a nan ba ƙarami ba ne. Ya yi nisa da gida, ya gaskata rahotannin da suka yi masa daɗi, ya tura samari inda ba a shirya musu ko wurin kwana ba. Amma wanda zai yanke masa hukunci sai ya haɗa da waɗanda suka toshe duk wata hanyar lumana. Mutumin da ya ci zaɓe da kujeru 41 cikin 60 bai fara da bindiga ba, sai da aka ƙwace gwamnatinsa, aka haramta jam'iyyarsa, aka ɗaure mutanensa.

Ranar 15 ga Afrilu 1974 Laftanar Kanar Saini Kunce ya kifar da Jori, a tsakiyar fari da yunwa. Aka saki fursunonin Sawaba da suka rage da rai, aka bar 'yan gudun hijira suka dawo, a Yulin shekarar kuma Nijar ta ƙulla hulɗar jakadanci da Bejin, abin da Sin ta kasa samu ta hanyar sansanin Nanjin. Jibo bai daɗe da dawowa ba, a 1975, Kunce ya zarge shi da hannu a wata maƙarƙashiya ya tsare shi, ya yi shekaru a ɗaure a daidai lokacin da Jori ma yake tsare. Jori ya rasu a Rabat a 1989. Jibo ya ga dawowar siyasar jam'iyyu, ya tsaya takarar shugaban ƙasa a 1993 yana da shekara 70 da ɗoriya, bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Yaran da suka yi zaɓen ba su san raƙumi ba. Ya rasu a Yamai ranar 16 ga Afrilu 1998.

Sauran abin da aka sani game da mayaƙansa, yawanci daga bakin tsofaffinsu aka tattara, musamman a aikin masanin tarihi ɗan Holan Klaas van Walraven, wanda littafinsa kan Sawaba ya fito a 2013. Rigimar Lete sai a 2005 Kotun Duniya ta raba ta, ta ba Nijar tsibirin. Sin kuwa ta dawo bakin Kwara da wata fuska: kamfaninta na CNPC ne ya shimfiɗa bututun mai na kusan kilomita 2,000 daga Agadem, ya ƙetara kogi ta wajen Gaya zuwa gaɓar tekun Benin, aka fara lodin jirgi a 2024. A Oktoban 2024, gwamnatin sojan Nijar ta cire sunan Digol daga ɗaya daga cikin manyan titunan Yamai, ta sa na Jibo Bakari.